Ido Sama Ko Ido Ƙasa

Shekaranjiya ina wanke kofunan yara a bakin famfo na ji ɗayarku tana waya, tana gaya wa ƙawarta ta samu aiki mai sauƙi a Narayi, wai zama kawai ake yi ana kallon yara ana danna wani abu a yatsa. Ba zan faɗi ko Fa'iza ce ko Godiya ba, mai abin ta san kanta. Ban tanka ba a lokacin, don ni sai magana ta wuce amsarta take zuwa mini. Shi ya sa na zauna na rubuta muku, ku sababbin da aka ɗauka aiki. Ba wai na gane aikin duka ba ne. Abin da zan iya nuna muku shi ne wuraren da ya rikita ni, don in kun iso can ku san an riga ku zuwa.

Ni ba karatu ne ya kawo ni makarantar nan ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Ɗana Hanif ne ya kawo ni. Yana da shekara uku bai taɓa kiran sunan kowa ba, kuma in abu ya ɓata masa sai ya yi ta buga goshi da bango. Wata maƙwabciyarmu a Unguwar Mu'azu ta ce akwai wata mata 'yar wajen Zonkwa da ta buɗe wurin koyar da irin waɗannan yara, masu abin da likitoci ke kira otizim. Ita ce Anti Rifkatu, Madam ɗinku. Ranar farko ta ba ni kujera ta ce, "Maman Hanif, sau nawa yake buga kan a rana?"

Na ce, "Kullum."

Ta ce, "Kullum ba lamba ba ce."

Na ce, "To, da yawa."

Ta ce, "Ita ma ba lamba ba ce. In mun yi wata uku muna aiki da shi, da me za mu san ya ragu? Je ki ƙirgo mini na mako guda."

Da wake na ƙirga. Duk bugu ɗaya in jefa ƙwaya ɗaya a gwangwanin madara, da yamma in ƙulle na ranar a leda. Da na kai mata ledojin na ce mata kuma na lura abin ya fi yawa in an ta da injin markaɗen maƙwabta. Ta kalli ledojin, sannan ta tambaye ni ko ina son aiki. Na fara da shara da wanke-wanke, Hanif ya samu gurbi, daga baya ta zaunar da ni kusa da Ladi in koyi ƙirga. Ladi ita ce babbarmu a nan, daga Gonin Gora take zuwa, kun san ta, mai dariyar nan da ake ji tun daga titi.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ɗan carbin nan na yatsa mai dannawa, wanda muke kira kaunta. Akwai agogon waya, da biro, da takardar da ake cikewa bayan an tashi. Akwai gurguru da cincin a aljihu, na lada ne in yaro ya yi abin da ake koya masa, ba na bakinku ba ne. Wake ma kada ku raina shi, batirin kaunta ba ya sallama kafin ya mutu. Kuma ku sayi kaunta biyu masu launi daban. Wata rana bayan azahar na yi istigfari da ta aiki, Ladi ta leƙa hannuna ta ce, "Yau yaron nan ya ciji mutum ɗari da uku? Abeg a kira 'yan sanda."

Yarinyar farko da aka ba ni ita ce Precious, aikin kuma in ƙirga sau nawa take ihu. Na zauna a kusurwa da kauntata tun safe. Da aka tashi Madam ta tambaya, na ce sau ɗaya. Ta ɗago kai daga takardunta, ta ce ita da take ofis kunnenta har zafi yake. Na ce ai sau ɗaya ta fara, ba ta tsaya ba sai da aka kira salla. Ashe wani abin ba sau nawa ake nema ba, tsawonsa ake aunawa da agogo. Wani kuma abin da ake aunawa shi ne jinkiri, daga lokacin da aka ce wa yaro zo zuwa lokacin da ya ɗaga ƙafa. Har yau in an ba ni sabon yaro sai na tsaya na tambayi kaina wanne ne cikin ukun, kuma ba kullum nake dacewa ba.

Akwai kalmomin da Madam ta hana a takarda: taurin kai, rashin kunya, fushi, gangan. Ta ce ido bai taɓa ganin taurin kai ba, abin da ya gani shi ne yaro ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Shi za ki rubuta, da abin da ya faru kafin ya kwanta, da abin da manya suka yi bayan ya kwanta. Wannan ya fi komai ba ni wuya, don mu a gida da waɗannan kalmomin aka raine mu. Iyaye ma da su suke zuwa. Wata ta ce iska ce, wata ta ce baki aka yi masa, wani uban ya ce shagwaɓa ce kawai daga wajen uwa. Ba ma musu da kowa. Madam takan ce, "Ku ci gaba da addu'arku, mu kuma mu ci gaba da ƙirga." Akwai kuma doka ɗaya: ba a ba uwa ɗanta ta ƙirga. Ladi ce take zama a kan Hanif. Amma a gida yatsana ba ya hutawa, har babansa yakan ce, "Wannan zikiri ne ko aiki, don in san ko in yi miki magana."

Shekarar da kuɗin mota ya tashi ita ce muguwar shekararmu. Kuɗin keke napep daga Tudun Wada zuwa nan ya fi ƙarfin mutane, iyaye suka yi ta janye yara ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba sallama, sai dai ki ga tabarmar yaro ba kowa. A cikin wannan shekarar aka kawo Abba, ɗan shekara shida, ɗan Alhaji Sabo mai shagon yadi a Tudun Wada. Uwarsa ce ta nace. Alhaji ya yarda da sharaɗi: zango ɗaya. In zango ya ƙare yaron ya iya gaida mutane kamar yayyensa, ya ci gaba. In bai iya ba, a kai shi ƙauye wurin kakarsa. Maman Abba ta ja ni gefe ta ce mini tsohuwar ba ta da ƙarfin bin yaro, ɗaki za ta rufe shi, kamar yadda aka yi wa wani ɗan ƙanen tsohuwar har ya girma. Ta riƙe mini hannu tana cewa, "Maman Hanif, ke kin san abin." Na ce mata in sha Allahu.

Yadda aka tsara aikin shi ne, mutum zai ƙwanƙwasa ya yi sallama ya shigo, malamarsa tana gefe tana taimaka masa, mu kuma mu ƙirga sau nawa ya gaida cikin shigowa goma. Madam ta raba mu, ni Litinin da Laraba, Ladi Talata da Alhamis. Ta miƙa wa Ladi takarda da Turanci, ni kuma da yake ta san karatuna, da baki ta gaya mini: "In ya gaida, ki danna."

Bayan 'yan makonni Madam ta zana layin ci gabansa a allo, sai layin ya fito kamar haƙoran zarto. Ranakun da nake ƙirga yana hawa, biyar, shida, bakwai. Ranakun Ladi yana ƙasa, ɗaya, biyu, wani lokacin babu. Yaro ɗaya, ɗaki ɗaya, malama ɗaya.

Ladi ta ce, "Maman Hanif, tausayi ne yake danna miki kaunta."

Na ce, "Ke ce dai mai rowar yatsa."

Muka yi dariya, amma abin bai bar ni barci ba. Madam ta canza mana kaunta, ba abin da ya sake. Ta musanya mana ranaku, sai zarton ya bi mu. Aka duba ko abin karin safe ne, ko ranar da direba ke kawo shi a makare, ko rigar da malama take sawa. Na fara zargin idona. Sai in ga yaro ya gaida a gabana, in danna, sannan in tambayi kaina ko na gani ne ko so nake in gani. Na tuna hannun uwarsa a cikin nawa, na ce ko Ladi ce da gaskiya. Wata Laraba na ƙi dannawa sai na tabbata sau biyu, duk da haka na tashi da bakwai.

Abin da ya kamata a yi tun farko shi aka yi a ƙarshe, da yake shekarar ba mu da isassun hannaye. Madam ta zaunar da mu rana ɗaya, ni a wannan kusurwa, Ladi a waccan, ita a tsakiya. Baba Audu maigadi ya ƙwanƙwasa ya yi sallama ya shigo. Abba ya ajiye murafen kwalba da yake jerawa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ina kwana." Na danna. Ladi ba ta danna ba.

Madam ta ce, "Me kika danna?"

Na ce, "Ya gaida."

Ladi ta ce, "Bai kalle shi ba."

Na ce, "Don me zai kalli Baba Audu? Sa'an kakansa ne fa."

Ladi ta ɗauko takardarta ta fassara mini. Abin da aka rubuta shi ne yaro ya kalli fuskar mai shigowa ya faɗi kalmar gaisuwa. Haka yake a inda Madam ta koyo aikin. Ba durƙuso a ciki. Ladi ta ce, "Mu ma a gidanmu ba a tsare babba da ido, babana zai mare ka. Amma abin da aka ba ni ke nan." Wato duk makonnin nan abu biyu muke ƙirgawa da suna ɗaya. Mafi muni, malamarsa tana ba shi gurguru in ya ɗago ido, uwarsa kuma a gida tana dafa masa ƙeya tana cewa sunkuya. Yaron da magana ɗaya ma wuya take ba shi, mun haɗu mun ba shi biyu masu karo da juna.

Har na fara jin kamar ni ce da gaskiya, sai Madam ta juyo ta ce, "To Maman Hanif, ta yaya kika san ladabi ne? Yaran nan da yawansu dama gudun ido suke yi. Ranar da aka kawo shi ma ƙasa yake kallo. Wanne kika gani, ladabi ko gudun ido?"

Sunkuyon ɗaya ne a ido. Na ce ai ya durƙusa. Ta ce durƙuson kin gani, kalmar kin ji, ladabin fa a ina ya shiga kaunta? Har yanzu ban samu amsar wannan tambayar ba. Ina ganin ladabi ne. Amma ina gani ba lamba ba ce ita ma.

Sai aka raba gaisuwar gida uku, durƙuso daban, kalma daban, kallo daban, kowanne da ƙirgarsa. Madam ta kira Maman Abba ta tambaye ta me Alhaji yake nufi da gaisuwa. Ta ce ya durƙusa ya ce ina kwana kansa a ƙasa, shi ke nan. Aka daina ba shi gurguru a kan kallon manya. Amma abin da yaro ya riga ya ɗauka ba a cire shi kamar riga. Abba ya ɗinke abubuwan biyu da kansa: ya durƙusa, ya sunkuya, ya gaida, sannan ya ɗago kai ya ƙura wa mutum ido ba ƙiftawa, yana jiran ladansa. Baba Audu ya ce duk sanda yaron ya kalle shi sai ya ji kamar ya ci bashin wani. Zango kuma ya kusa ƙarewa, ba mu da lokacin warwarewa. Madam ta ce kada a ɓoye komai, abin da yake shi za a nuna.

Alhaji Sabo ya zo da hantsi, farar shadda, makullin mota a hannu, Maman Abba tana bayansa. Madam ta tarye shi da takardar da aka zana ci gaban Abba, ya ce, "Madam, ni ba takarda na zo gani ba. Ina yaron?" Aka nuna masa ƙofar ɗakin da Abba yake. Ni da Ladi muna ciki a kusurwoyinmu. Ya yi sallama ya shigo.

Abba ya ajiye murafensa. Ya durƙusa, kai a ƙasa. "Ina kwana Baba." Sannan ya ɗago ya kafe ubansa da ido.

Ban san tsawon lokacin ba, na manta da agogo. Alhaji bai amsa gaisuwar ba. Ya tsaya shi ma yana kallon yaron, can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wa ya koya masa ƙura wa manya ido?"

Madam ta ce, "Mu ne, Alhaji. Kuskuren tsari ne, muna kan gyarawa."

"Ni ban ce a koya masa wannan ba."

"Haka ne."

Maman Abba ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Alhaji ya ce, "Kullum haka yake gaisuwar, ko yau ne aka shirya mini shi?"

Madam ta kalle ni, ni da kaunta a hannu. Bakina da ba ya sauri, ranar ya riga ni. Na ce, "Alhaji, kullum ba lamba ba ce." Na ji Ladi ta ja numfashi daga can. Na yi maza na ƙara da cewa, "Cikin goma yana yin bakwai, wata rana takwas."

Ya dube ni karon farko. Ya ce, "Bakwai cikin goma. Yadi in aka ce gaba goma ne, sai na auna da kaina." Ya juya ya fita ya ja ƙofa. Muka kalli juna, Maman Abba ta fara tattara jakar yaron. Sai muka ji ƙwanƙwasa, da sallama.

Abba ya durƙusa, ya gaida, ya ɗago ido. Alhaji ya ce, "Lafiya lau," ya sake fita. Karo na uku ma haka. A na huɗu Abba bai ko waiwayo ba, wani murfi ya gangara ƙarƙashin tebur ya bi shi. Alhaji ya tsaya ya jira, bai kira shi ba. Sannan ya ce mini, "Malama, nawa ke nan?"

Na ce, "Uku cikin huɗu."

Ladi ta ce, "Ni ma uku." Ranar ce ta farko da kauntarmu ta zo ɗaya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa Madam, "Ya ci gaba da zuwa. Amma a rage masa kallon nan, kada ya je ya yi wa mutane a masallaci." Ya yi mana sallama ya fita, Maman Abba ta ajiye jakar a inda ta ɗauke ta.

Daga nan ne Madam ta ƙara abin da za ku ga muna yi wa duk sabon yaro. Kafin a rubuta me ake nufi da gaisuwa, ko cin abinci, ko zama, sai an tambayi gidansu yadda suke yi, a faɗa da Hausa a faɗa da Turanci, mai ƙirga ta maimaita da bakinta, sannan mutum biyu su zauna rana ɗaya su gwada. In an ba ku kaunta ranar Litinin aka ce in ya yi kaza ki danna, kada ki ce to. Ki ce a nuna miki kazan da jiki. Wannan bai kawar da ruɗun ba, ni dai har gobe ina cikinsa. Hanif ya fara kallon fuskata in ina magana, Ladi tana dannawa tana murna, ni kuma ina tunanin ranar da zan kai shi gaida kakansa.

Saura abu ɗaya a labarin ranar. Bayan Alhaji ya fita, mun fara naɗe tabarma, sai muka sake jin ƙwanƙwasa da sallama. Shi ne. Ya ce wai makullinsa ya manta. Makullin yana hannunsa, dukanmu mun gani. Abba ya fito daga ƙarƙashin tebur da murfinsa, bai durƙusa ba, bai ce komai ba, ya tsaya kawai ya kalli ubansa. Alhaji ma ya tsaya, bai ce a rage ba. Can ya ce, "Au, ga shi nan ashe," ya tafi.

Ladi ta danna, ni ban danna ba. Ta ce ya kalle shi, kuma kallo yana da gidansa a takarda. Na ce an riga an tashi, kuma ba gaisuwa ba ce. Muka kai wa Madam ta raba mana. A ƙarshe ba ta sa shi a lissafi ba, kuma ba ta ce Ladi ta goge ba.